Kwaɗon da maƙeri ba ya iya fasawa

A ƙasar Hausa ɓatan makulli bai taɓa zama babbar musiba ba. Idan makullin shago ya faɗi a hanyar kasuwa, ko yaro ya jefa na adaka a rijiya, sai a aika a kira maƙeri ko kafinta, ya zo da guduma da zarto, kafin shayi ya huce ƙofa ta buɗe. Asarar ba ta wuce kuɗin sabon kwaɗo. Wannan sabo ne ya sa mutane da yawa ke ɗaukar kullen da ke cikin kwamfuta da waya tamkar kwaɗon da suka sani, wanda in ta ɓaci akwai wani gwani a Sakkwato ko a Kano da zai fasa shi. Babu wannan gwanin. Faifan ajiyar da aka kulle da lissafin zamani, in duk makullansa suka ɓace, kamfanin da ya ƙera shi ma ba ya iya buɗe shi, kuma da gangan aka tsara shi haka.

A da sai mai sha'awar harkar ne ke neman wannan kulle ya sanya da kansa. Yanzu shi ke zuwa ba a gayyace shi ba. Wayoyin iPhone suna kulle abin da ke cikinsu tun 2014, sababbin wayoyin Android da suka fito da zubi na 10 zuwa sama haka suke tun 2019, sannan daga ƙarshen 2024 Windows 11 kan kunna kullen da kanta idan aka ɗora ta sabuwa aka shiga da asusun Microsoft. Saboda haka malamin makaranta a Boɗinga ko akawu a Shagari yana iya yawo da kwaɗo a jaka bai san da shi ba, balle ya san inda makullinsa na biyu yake. Muhawarar masana kan wace manhaja ta fi ƙarfi ba ta cika shafar irin waɗannan mutane ba, domin manyan hanyoyin duka ƙarfinsu ya wuce abin da ɓarawo zai iya. Inda suka sha bamban shi ne hannun da kowace ke damƙa wa makulli na biyu, kuma a nan ne zaɓin mutum yake.

Kaya iri uku a jaka ɗaya

Akwai wani ma'aikacin lafiya da ke zaune a Boɗinga, aikinsa kuma na kai shi ƙauyukan Shagari sau uku ko huɗu a mako, bisa babban titin nan da ya taso daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega. Kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka tasa ce, ta hannu ce ya saya a birni, kuma abubuwa iri uku ne a cikinta. Na farko rajistar aiki: sunayen mata masu juna biyu, da masu shan maganin tarin fuka, da wasu 'yan kaɗan masu ɗauke da ƙanjamau waɗanda ko 'yan ɗakinsu ba su sani ba. Na biyu lissafin mahaifinsa, dillalin hatsi da albasa, wanda idonsa ya yi rauni ya bar wa ɗansa rubuta wanda ya karɓi buhu nawa da wanda ake bin sa nawa. Na uku hotunan takardun kakansa na Larabci da ajami, da ya ɗauka ganye-ganye bayan ya ga gara ta fara cin gefen gafakar.

Tsoro biyu ne ke jan sa, kowane ta nasa ɓangaren. Jaka kan ɓace a tasha, akan manta ta a motar haya, akan fizge ta daga kan mashin. A garin da kowa ya san kowa, suna ɗaya da ya fita daga waccan rajista ya isa ya kashe aure ko ya hana shi ɗauruwa, kuma mutumin da aka tona wa asiri ba shi ne ya yi sakacin ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa ta na'ura, da wutar lantarki mai zuwa da ƙarfi ta ɗauke ba sallama, da janareta mai hawa da sauka. Na'ura a wannan ƙasa ba ta cika tsufa da kyau ba. In ta mutu da lissafin tsohon a kulle, ba wanda zai iya cewa ga abin da ake bin gidan ko abin da gidan ke bi. Gaba kura baya sayaki ke nan, muddin mutum ya ɗauka magani ɗaya zai yi wa kayan duka uku.

Yadda kullen yake aiki

Kalmar sirrin da ake bugawa don shiga kwamfuta ita kaɗai ba kulle ba ce. Mai gadi ce a bakin zaure. Wanda ya kwance na'urar ya cire faifan ya jona shi a wata kwamfutar ya shigo ta bayan gida, zai karanta komai. Kullen faifai kuwa rubutun kansa yake juyawa, kamar yadda yara ke zaurance don kada manya su gane, sai dai nasa zaurancen na lissafi ne. Tsoffin hanyoyin ɓadda rubutu suna da rauni, kuma tun a ƙarni na 9 al-Kindi ya bayyana a Bagadaza yadda ake warware su ta hanyar ƙirga haruffan da suka fi yawan maimaituwa. Hanyar da ake aiki da ita yau, mai suna AES, wasu masana biyu 'yan Beljiyam ne suka ƙirƙiro ta, Joan Daemen da Vincent Rijmen, hukumar ma'aunai ta Amurka kuma ta amince da ita a 2001. Babban nau'inta yana da makullai masu yiwuwa da adadinsu lamba ce mai alƙaluma 78. Ko da an tara kwamfutocin duniya suna gwadawa ɗaya bayan ɗaya, ba za su ƙare ba.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne makullin gaske ba kalmar sirrin mutum ba ce. Na'ura ce ke ƙirƙirar babban makulli da ka, ta kulle faifan da shi, sannan ta sa shi a wani ƙaramin akwati. Kalmar sirri ita ke buɗe wannan akwatin. A yawancin kwamfutocin Windows wata ƙwaya mai suna TPM, da ke manne a babban allon na'urar, ita ke buɗe shi da kanta duk lokacin da aka kunna, muddin ta ga ba abin da ya sauya. Ana kuma iya yanka wa akwatin makulli na biyu, wato makullin ko-ta-kwana, don ranar da kalma ta ɓace ko ƙwayar ta ƙi.

Daga nan ake gane inda haɗarin yake. Idan wani ɗan yanki na faifan da aka kulle ya lalace, ɓarnar ba ta bazuwa, abin da ke wurin kaɗai ake rasawa, kamar dai a faifan da ba a kulle ba. Amma kulle yana tattara rayuwar faifan gaba ɗaya ya rataye ta a ƙusa guda. Faifan da ba a kulle ba, ko ya sami matsala, mai gyara yakan tsamo rabi ko fiye. Wanda aka kulle, in ƙaramin akwatin nan ya lalace ko makullansa suka ɓace, dubban takardu na nan lafiya lau a ciki amma ba mai sake karanta ko layi ɗaya.

Hanyoyi huɗu da masu riƙe da makullansu

Hanyar da ta fi kusa da yawancin ma'aikata ita ce BitLocker, wadda Microsoft ta fara sanyawa tun zamanin Windows Vista. Makullinta na ko-ta-kwana lambobi 48 ne, rukuni takwas, kowane da lamba shida. A kwamfutar gida takan aika da shi asusun Microsoft na wanda ya fara shiga, a ta ofis kuma wurin masu kula da na'urorin ma'aikatar. Sauƙin a fili yake, tun da ko mutum bai yi komai ba akwai kwafi a wani wuri. Sai dai wannan sauƙi an auna shi ne da rayuwar wata ƙasa daban. Kwamfutar hannu da aka saya a kasuwa, sau da yawa yaron shago ne ya ɗora mata Windows, kuma in da asusunsa ya shiga, makullin yana hannun wanda mai ita ba zai sake gani ba. In ma asusun nasa ne, shigarsa na bukatar sabis da lambar tabbatarwa da ake turowa ta waya. A watan Satumba 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. An kuma ga yadda aka riƙa toshe layukan da ba a haɗa su da lambar NIN ba, kuma layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba kamfani kan sake sayar da shi ga wani. Makullin da ke bayan lambar wayar da ta zama ta wani ya fita daga hannun mai shi.

Ranar da za a nemi makullin ma ba ta sanarwa. Mai gyara ya sauya babban allo bayan wuta ta ƙona shi, ko ya taɓa saitin farko na na'urar, sai ƙwayar TPM ta ga baƙon abu ta ƙi buɗewa, shuɗin allo ya fito yana neman lambobi 48. Manyan kamfanonin duniya ma sun ɗanɗani wannan. Ranar 19 ga Yuli 2024 wata gurguwar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, har jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Gyaran ɗan ƙarami ne, goge fayil ɗaya, amma a na'urorin da aka kulle sai da makullin ko-ta-kwana ake isa gare shi, wasu ma'aikatun kuma sun tarar makullansu na cikin wata na'urar da ita ma ta faɗi.

Masu kwamfutar Apple suna da FileVault, wadda ke kulle faifai gaba ɗaya tun 2011. A zubinta na baya takan ba mutum zaɓi, ko ya jingina da asusunsa na iCloud, ko ya karɓi makulli mai haruffa da lambobi 24 ya adana da kansa. A yawancin sababbin na'urorin kamfanin faifan a like yake da allo kuma kullensa a ɗaure yake da ƙwayar wannan na'urar, don haka mutuwar allo kan zama mutuwar abin da ke ciki. Masu aiki da Linux suna da LUKS, da aka fara a 2004, mai ba da gurabe takwas na makullai a tsohon zubinsa, 32 a sabo, ta yadda mutane daban-daban za su iya riƙe kalmomi daban-daban na faifai ɗaya. Ba ya aika komai ko'ina. Ƙaramin akwatinsa yana farkon faifai, kuma wanda bai kwafe shi ya ajiye ba, kuskuren umarni ɗaya na iya shafe shi.

Ta huɗu ita ce VeraCrypt, kyauta ce, ta tsiro a 2013 daga TrueCrypt wadda masu ita suka yi watsi da ita a watan Mayu 2014. Amfaninta ga mutum irin wannan ma'aikacin shi ne tana iya ƙera taska a cikin faifai, wato fayil guda da ake buɗewa da kalmar sirri, a zuba kaya a ciki, a rufe, a kuma kwafe shi dungurungum zuwa wata na'urar yana nan a kulle. Ba kamfani a bayanta da zai tuna wa kowa kalmarsa. Labarin Stefan Thomas, wani masanin kwamfuta haifaffen Jamus mazaunin Amurka, ya nuna ƙarshen wannan hanya in an bi ta ba abokin tafiya. A farkon 2021 jaridu suka ba da labarin cewa yana da bitcoin 7,002 da makullinsu ke cikin wata 'yar na'urar IronKey mai ba da damar gwaji goma kacal, ya ɓatar da takardar da ya rubuta kalmar, ya kuma riga ya ƙona gwaji takwas.

Abin da Sifawa da Boɗinga suka gwada

Wannan yanki ya daɗe da sanin matsalar, tun kafin a yi lantarki. Daga wajajen 1810 zuwa 1815 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana zaune a Sifawa, ƙanensa Abdullahi kuma yana kusa da shi a Boɗinga, ɗalibai na zuwa daga ko'ina. A shekarun nan ne Muhammadu Bello ya kammala Infakul Maisuri a 1812, Abdullahi kuma ya haɗa Tazyinul Waraƙati a 1813. Takardar da suke rubutu a kai daga nesa take zuwa, ta ratso Sahara, kuma abokan gabanta su ne dai na yau: gara, da gobara, da ruwan damina, da yaƙi. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903, jama'a suka watse, amma littattafan suna nan ana karantawa. Dalili shi ne duk ɗalibin da ya karanci littafi yakan kwafe shi da hannunsa ya tafi da shi garinsu, har ya zama gobarar gida ɗaya ba ta isa ta shafe shi ba. Taskar da Waziri Junaidu ya tara a Sakkwato 'yar wannan al'ada ce.

A gefen wannan al'ada kuma akwai wata, ta asiri. Malami yana da laƙani ko hatimi, ya rubuta rabi a takarda ya bar sharaɗin a bakinsa, sai wanda ya yarda da shi zai faɗa wa. Wannan kulle ne na gaske, kuma yana aiki, domin wanda ya saci takardar bai sami komai ba. Gidaje da yawa kuwa suna da irin waɗannan takardu a gafaka yau, jikoki na juya su ba mai gane kansu, saboda tsohon ya rasu bai kai ga miƙa sharaɗin ba. Ɓoyewa ta kare ilimin daga baƙo, ta kuma raba shi da magada.

Abin da ya faru a Timbuktu ya nuna ana iya haɗa biyun. A watan Janairu 2013 masu ɗauke da makamai suka ƙona rubuce-rubuce kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba. Amma kafin nan Abdel Kader Haidara da abokan aikinsa sun riga sun kwashe fiye da 300,000 a asirce, cikin akwatunan ƙarfe, aka rarraba su gidaje, daga baya aka sulale da su zuwa Bamako ta mota da jirgin ruwa. Ɓoyon ya yi amfani ne domin amintattu da yawa sun san inda kowane akwati yake. Da mutum ɗaya ne ya sani, harsashi ɗaya ya isa ya yi abin da wuta ba ta yi ba.

Tambayar tsohon

Da ma'aikacin ya yi wa mahaifinsa bayanin cewa zai kulle na'urar yadda ko an sace ba mai karantawa, tsohon ya daɗe shiru. Kasancewarsa ɗan fari, uban ba ya kiran sunansa. Ya ce, "To kai, in ta Allah ta kasance gare ka kafin ni, wa zai buɗe?" Ya ce, "Baba, sai wanda na ba makulli." Tsohon ya ce, "Ashe ka san wanda za ka ba tun yau. Ni dai kada a kwantar da ni da haƙƙin mutane a kaina."

Maganar tsohon fiƙihu ce tsantsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. A rabon gado kuma, bayan hidimar jana'iza, bashi ake fara biya, sannan wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan magada. Rubutaccen bashin da ba mai iya karantawa daidai yake da wanda ba a rubuta ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma lissafin dillali ba sirrin mutum ɗaya ba ne, amanar mutane hamsin ce da ke jira.

Dokar ƙasa ma ta ɗora nauyin ta fuska biyu. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, da aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta sanya bayanan lafiya cikin masu bukatar kulawa ta musamman. A cikin matakan tsaron da ta lissafa wa masu riƙe da bayanan mutane akwai kulle su, akwai kuma tanadin yadda za a dawo da su cikin lokaci idan na'ura ta sami matsala, sannan ta ba da sa'o'i 72 a sanar da hukuma idan aka sami ɓarakar da ka iya cutar da masu bayanan. Rajistar da ta faɗa hannun ɓarawo gazawa ce, wadda ta mutu a cikin faifai har aka rasa sanin wa ya sha magani wata nawa ita ma gazawa ce. Mai tarin fuka da aka katse wa magani a tsakiya yana iya komawa da ciwon da ya fi na farko wuyar ji.

Yadda ya raba kayan

Abin da ya warware masa shi ne daina tambayar ko ya kulle ko kada ya kulle. Sai ya ɗauki kayan ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abu biyu: in baƙo ya gani wa zai cutu, in ya ɓace wa zai cutu.

Ya fara da na'urar kanta. Da ya duba sai ya tarar a kulle take, kuma asusun da ke riƙe da makullin ba nasa ba ne. Ya kwashe kayansa gefe, ya kashe kullen, ya shiga da asusun kansa, ya sake kunnawa don a yanka sabon makulli, tsohon ya daina aiki. Ya bar kwafi a asusun Microsoft, ya kuma rubuta lambobin 48 da tawada a takarda biyu, ɗaya a adakar mahaifinsa a Boɗinga, ɗaya wurin ƙanwarsa da ke aure a Shagari. Ya san makullin da ke hannun kamfani kotu na iya sa a miƙa shi. Ya karɓi wannan, domin abokin gabansa ɓarawon tasha ne. Ɗan jarida mai bincike ko lauya mai riƙe da sirrin wanda yake karewa lissafinsu daban ne, su ya fi musu su cire kwafin intanet su dogara da takarda, su kuma ɗauki nauyin da ke tattare da haka.

Rajistar marasa lafiya ya sa ta a taskar VeraCrypt a cikin faifan, kwaɗo a bayan kwaɗo, ta yadda ko ƙanwarsa ta buɗe na'urar da takardarta ba za ta ga suna ko ɗaya ba. Kalmar sirrin kalmomi shida ne da ba su da alaƙa da juna, ba sunan ɗa ko shekarar haihuwa a ciki. Makulli na biyu ya sa a ambulan ya like ya sa hannu a bakin, ya ba shugabar asibitin da yake aiki a ƙarƙashinta, saboda rajistar ta ofis ce da marasa lafiya, ba ta cikin abin da iyalinsa za su gada. Duk ranar Alhamis yakan kwafe taskar a kulle zuwa wani faifai da ke kabad ɗin ofis. Ambulan ɗin ba ya kwana a kabad ɗaya da faifan.

Lissafin tsohon kuwa ɓacewarsa ta fi tonuwarsa muni, don haka ya sassauta. Ƙarshen kowane wata yakan buga shi a takarda ya karanta wa mahaifinsa, a sa a adaka, kwafi ɗaya kuma a filas ya tafi Shagari. Masu harkar adana bayanai suna da ƙa'idar kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a nesa, kuma gobarar da ta ci babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairu 2021 ta isa hujja ga sharaɗin nisan. Tsakanin garuruwan biyu tafiya ce da ba ta kai awa ɗaya ba, amma wuta ɗaya ba ta cin su tare. Ya san takarda a adaka wani ɗan gida na iya leƙawa. Ya ga gara a san wa ake bi da a rasa sanin haka.

Hotunan takardun kakansa bai sa musu kwaɗo ko ɗaya ba a wajen na'urar. Ya tura wa 'yan uwa huɗu, ya ba limamin unguwa a filas, yana kuma neman hanyar miƙa kwafi ga masu adana irinsu a Sakkwato. Kayan da ba ya cutar da kowa in an gani, yawan hannun da ke riƙe da shi ne tsaronsa.

Tsarin yana da rauninsa. Ambulan ana iya farke shi, amintacce na iya sauyawa, ana iya yi wa shugabar asibiti canjin wurin aiki ta tafi da makullin a jakarta. Mutum ba ya samun makulli na biyu sai ya yarda da wani, kuma duk yarda ƙofa ce. Abin da ya iya yi shi ne ya zaɓi ƙofar da kansa, ya san adadinsu, ya riƙa zagayawa yana duba su.

Wannan zagaye sau biyu yake yin sa a shekara, farkon bazara kafin zafi ya tsananta, da bayan kaka lokacin da basussukan hatsi ke sauyawa. Yakan jona faifan ofis a wata kwamfutar ya tabbatar taskar na buɗewa, ya duba ambulan ko yana nan a like, ya gwada shiga asusunsa ya ga ko lambar wayar da ke kai ita ce yake aiki da ita har yanzu. Takardun lambobin kuwa ya ɗauko musu dabarar marubutan da, waɗanda in sun gama kwafe littafi sai sun yi muƙabala, ɗaya na karanta asali ɗaya na bin kwafi, kafin a yarda da shi. A rubutun hannu 1 kan yi kama da 7, kuma lamba ɗaya da ta karkace cikin 48 ta ɓata makullin duka. Saboda haka yakan zauna a tsakar gidan ƙanwarsa a Shagari, ya buɗe na'urar yana karanto lambobin shida-shida, ita kuma tana bin takardarta da yatsa, in rukuni ya yi daidai ta ce, "Ya yi, Yaya," su wuce na gaba.